Labarin Da Aka Yanke Wa Isnadi

A cikin watan Agusta na 2022, ranar da ruwan sama ya yi ambaliya a Kantin Kwari har ya kutsa cikin shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi, wani ɗan ƙanena da ke nemo wa wata ƙaramar jaridar intanet labarai ya naɗe ƙafar wando, ya ratsa ruwan nan layi-layi, yana ɗaukar hotuna, yana tambayar 'yan kasuwa abin da ya same su, wasu su amsa masa, wasu su kore shi saboda zafin hasara, bai koma gida ba sai da rana ta yi sanyi, sa'an nan ya zauna ya tace abin da ya jiwo, ya zubar da wanda bai tabbata ba, ya rubuta sauran. Kafin a yi sallar lisha rahoton nan ya iso wayata ta hanya uku, kuma babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa ko sunan jaridarsa. A na farko an yanke gefen hoton inda tambarinsu yake an manna wani. A na biyu an rubuta wata kalma guda ta Turanci a ƙasa, mai nufin an kwafo, ba a ce daga wurin wa ba. A na uku kuwa an ƙara wa labarin wani adadin kuɗi na hasara wanda yaron bai rubuta ba, bai kuma ji shi daga bakin kowa ba. Da ya zo gaishe ni washegari na nuna masa, sai ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "To Baffa, wa zan kai wa ƙara?"

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya a zuciyata, kuma na lura cewa duk sa'ad da na tayar da ita a majalisa, ko a Fagge bayan la'asar ko a shagon wani aminina a kasuwar Sabon Gari, akan sami mai hankali ya ce mini ai labari ba shi da mai shi, ruwa ya ci kasuwa kowa ya gani, ilimi kuwa na Allah ne, ɓoye shi ne haramun. Ban raina wannan magana ba, domin rabinta gaskiya ce, kuma ita kanta dokar zamani ta yarda da wannan rabin. Yarjejeniyar Bern, wadda aka fara ƙullawa a 1886 don kare haƙƙin marubuta tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta faɗa ƙarara cewa kāriyarta ba ta hau kan tsurar labarin abin da ya auku a yini ba. Watau babu mahalukin da zai ce aukuwar ambaliyar Kwari mallakarsa ce, ya hana wani faɗinta. Amma jimlolin da mutum ya zauna ya ƙera da hankalinsa, da hoton da ya shiga ruwa ya ɗauko, da muryar da ya naɗo, waɗannan aikin hannunsa ne, kuma wanda ya kwashe su ɗungurungum ya goge sunan mai su, abin da ya yi daban yake da yaɗa ilimi, ko da kuwa ya kira shi haka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka ɗauka cewa wannan haƙƙi baƙo ne, Nasara ya zo mana da shi, alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama a gaban malami a zaure ya san cewa babu al'ummar da ta tsananta a kan jingina magana ga mai ita kamar Musulmi. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan isnadi, ba su karɓar riwaya sai sun san wane ya ji daga wane, suka sanya wa ɓoye sunan wanda aka ji daga gare shi suna tadlisi, suka kuma ƙirga satar hadisi, watau mutum ya ɗauki riwayar da wani ya keɓanta da ita ya raya cewa shi ma ya ji ta, cikin manyan aibobin da ke zubar da mai riwaya. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, sai da ya wallafa risala guda a kan bambancin da ke tsakanin mawallafi da ɓarawo, don wani ya kwashi littattafansa ya jingina wa kansa. Su ma marubuta waƙoƙinmu na ajami, waɗanda ba su nemi ko anini a kan waƙensu ba, galibi ba su rufe waƙa sai sun ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, su sa ramzin shekara; mai kwafar littafi da hannu kuwa yakan rubuta sunan mawallafi, sa'an nan ya rubuta nasa a matsayin magatakarda, ya roƙi addu'a, bai taɓa haɗa matsayin biyu ba. Mutanen nan sun bayar da ilimi kyauta, amma ba su yarda a yanke masa asali ba. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin talifi da na ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce a bisa urfin wannan zamani, shari'a ta kiyaye ta, bai halatta a yi mata ta'addi ba.

To amma akwai wani al'amari da ya fi haƙƙin ɗan ƙanena girma, shi ne haƙƙin mai karatu, kuma a nan nake so a tsaya a yi tunani. Ayar nan ta cikin Suratul Hujurati ta umurce mu da yin bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ta yaya mutum zai auna halin mai kawo labari idan an riga an goge sunansa? Sunan da ke kan rahoto shi ne wuyan da za a kama idan an yi ƙarya, shi ne kuma ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan ana neman gyara. Da zarar an cire shi, labarin ya zama maraya, kowa na iya ƙara masa abin da ya so, kamar yadda aka ƙara wa rahoton Kwari adadin da babu shi. Satar da ƙaryar tafiyarsu ɗaya, domin hannun da bai ji nauyin goge suna ba, ba zai ji nauyin ƙara sifiri ba. Mu kuwa mazauna wannan yanki mun fi kowa sanin abin da jita-jita ke haifarwa. Tsakanin Fagge da Sabon Gari aka yi tarzomar watan Mayu na 1953 wadda ta ci rayuka da dama, a lokacin da galibi labari ke tafiya da ƙafa da baki. A ranar 17 ga Mayu 2022, da wani abu ya fashe a titin Aba cikin Sabon Gari ya rushe gini ya kashe mutane, kafin ƙura ta lafa wayoyi sun cika da maganganu masu karo da juna, wannan ya ce tukunyar gas ce, wancan ya ce bam ne, iyaye suna ta gudu zuwa makarantar da ke kusa. A irin wannan sa'a, a unguwar da Ibo da Yarbawa da Hausawa, Kirista da Musulmi, ke zaune ƙofa da ƙofa, sanin wanda ya faɗi magana da inda ya tsaya ya ganta zai iya zama abin da ya raba zaman lafiya da fitina.

'Yan Kwari da kansu ba su bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan mas'ala, don sun sha ta a cikin sana'arsu. Kowane yaron shago ya san duba bakin atamfa ya karanta tambari, ya san bambancin ta ainihi da jabu, ya kuma san yadda akan ɗauki zanen da wani kamfani ya ɓata kuɗi da lokaci ya fitar, a aika da shi ƙetare, bayan 'yan makonni ya dawo cikin kwantena a kan rabin kuɗi. Ba wannan kaɗai ya durƙusar da masaƙun Sharaɗa da Chalawa da Bompai da na Kaduna ba, akwai rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da sakacin hukuma, amma yana cikin manyan dalilai, kuma mai sayen da ya yi murna da araha shi ne daga baya ya rasa inda ɗansa zai sami aiki. Haka aka yi wa masu shirya fina-finan Hausa na bidiyo, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990: masu kwafar kaset da faifai suka fara cin su, masu tura fim a waya a kan 'yan sulalla suka ƙarasa kasuwar faifan, har dole ta sa suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Marubuta littattafan hikaya, waɗanda a dā ake jibge littattafansu a rumfunan kasuwar Sabon Gari, yau marubuciya takan sayar da littafinta a rufaffen zauren WhatsApp, kafin ta kai babi na goma wata ta fitar da shi waje, wani kuma ya karanta shi da murya a YouTube yana karɓar kuɗin talla ba tare da ya ko yi mata sallama ba. Labarai su ne na baya-bayan nan a wannan layi, kuma su ne suka fi rauni, domin fim yana iya yin shekara ana kallonsa, rahoto kuwa darajarsa ta yini guda ce, wanda ya sace shi a sa'ar farko ya kwashe amfaninsa duka.

Doka kuwa akwai ta, ba ta ma tsufa ba. Tun 1912 aka shimfiɗo mana dokar Ingila ta 1911, muka yi tamu a 1970, aka sake ta a 1988 wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, sa'an nan a ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka rubuta da intanet a zuciya. A ƙarƙashinta rubutu yana da kāriya tun daga sa'ar da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Hoto da bidiyo da sautin da aka naɗa suna da shekara 50. Ta tabbatar wa mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin ya ƙi yarda a jirkita aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci. Ta ba shi ikon rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin takardar koke a sauke abin da aka sata, ta kuma ba wanda aka yi ƙararsa damar mayar da jawabi. Ta bar ƙofa a buɗe ga mai tsakuro kaɗan don bayar da labari ko sharhi ko nazari, muddin ya yi adalci ya kuma ambaci mai shi. Duk wanda ya karanta wannan da idon basira zai ga ba ta yi nisa da abin da malaman zaure suka koya mana ba: ɗauki, amma ka faɗi daga inda ka ɗauko, kada kuma ka kwashe duka.

Sai dai tsakanin abin da ke cikin takarda da abin da yaro mai albashin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba zai iya yi, akwai tafiya mai nisa. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, da lauya, da ɗage zama, a kan rahoton da ya riga ya mutu tun jiya. Takardar koken da ake cike wa Facebook ko TikTok da Turanci take, mai duba ta yana wata ƙasa, kuma na'urorinsu da ke gane waƙar Amurka cikin ƙiftawar ido ba su damu da rubutun Hausa da aka kwafa aka sauya wa kan magana ba. WhatsApp kuwa, inda mafi yawan labaranmu ke yawo, rufaffen ɗaki ne, babu mai ganin abin da ke ciki balle ya sauke.

Ga kuma kuɗi sun shigo cikin lamarin. A dā mai kwafar labari suna kawai yake nema, a ce shi ya fara kawowa. Tun da YouTube ke biya, Facebook ma ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar samun kuɗin talla a 2024, tara mabiya ya zama sana'a, kuma hanya mafi sauƙi ta tara su ita ce mutum ya zauna a ɗaki da waya biyu yana kwashe gumin waɗanda suka fita rana, a ƙarshen wata ya je Wapa ya canza dalarsa. Fagge tun asalinta zango ce, nan ayarin Agadas da na Arewacin Sahara ke sauke kaya, kuma garin ya san aikin fatoma da dillali: ya saukar da baƙo, ya nemo mai saye, ya karɓi la'adarsa, amma bai taɓa cewa raƙumin nasa ne ba, bai kuma riƙe kuɗin kayan duka ya sallami mai su da godiya ba. Manyan kamfanonin nan fatomomi ne na wannan zamani, a zaurensu ake cinikin, su ke karɓar kuɗin masu talla da a dā ke zuwa wa jarida da rediyo, kuma adalci ya wajabta a tambaye su rabon mai kaya.

Wasu ƙasashe sun tambaya. Tun 1918 Kotun Ƙolin Amurka ta hana wani kamfanin dillancin labarai kwashe rahotannin yaƙi na Associated Press daga bugun safe na gabashin ƙasar yana aika wa jaridun yamma ta waya, a bisa hujjar cewa girbin abin da wani ya shuka ne. A 2021 Ostiraliya ta yi dokar da ta tilasta wa Google da Facebook zama su yi ciniki da gidajen jaridu. Facebook ya toshe labarai a ƙasar na kusan mako guda cikin Fabrairu, sa'an nan aka sasanta aka fara biya. A cikin 2021 ɗin dai Faransa ta ci Google tarar Yuro miliyan 500 a kan rashin tattaunawa da mawallafa da zuciya ɗaya. Kanada ta yi tata dokar a 2023, Google ya amince da biyan dalar Kanada miliyan 100 a kowace shekara, amma kamfanin Meta ya rufe labarai a Facebook da Instagram tun daga watan Agusta, a daidai lokacin da gobarar daji ke korar mutane daga gidajensu suna neman sahihin bayani. Wannan na ƙarshe ya kamata ya sa mu yi hattara, domin ƙaramar jaridar Hausa da ba ta da motar rarrabawa, ba ta da rumfa, Facebook ne titinta. In aka toshe shi, manyan jaridun Legas za su rayu, ita ce za ta fara mutuwa. Don haka ina ganin Nijeriya ta nemi wannan rabo, amma ta neme shi tare da sauran ƙasashen Afirka don murya ta yi nauyi, kuma a rubuta tun farko cewa kafofin harsunan gida suna da kasonsu, kada a raba a Legas da Abuja mu ji a salansa.

Ina kuma da tsoro guda wanda ba zan ɓoye ba. Duk dokar da ta ba da ikon sauke rubutu ko toshe shafi, wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma mun ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Kada wani mai mulki ko mai kuɗi ya fake da haƙƙin mallaka ya sa a sauke bidiyon da ya tona masa asiri, yana cewa hotonsa ne ko taronsa ne. An yi dokar ne don ta tsare mai aiki daga ɓarawo, kuma wajibi ne alƙalai da 'yan jarida su tsaya a kan iyakar nan.

Abin da ke hannunmu a yau ya fi kusa da duk wannan. Kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari suna da shugabanni da dattawan layi waɗanda ke kashe rigimar miliyoyi kafin azahar ba tare da an je gaban alƙali ba, saboda kowa yana tsoron a ce ba shi da amana. Ƙungiyar 'yan jarida reshen Kano, da masu jaridun intanet, da masu manyan shafuka da suka san mutuncin kansu, suna iya kafa irin wannan zama: wanda aka kwashe wa aiki ya kawo shaida, a kira wanda ya kwasa, ya mayar da suna ya nemi afuwa a bainar jama'a, in ya ci kuɗi da shi ya biya, in ya ƙi a sanar da masu ba da talla. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta fassara dokar 2022 da Hausa mai sauƙi a karanta ta a gidajen rediyon Kano, inda jama'armu suka fi sauraro. Malamai masu wa'azi, waɗanda su ma ake yanka karatunsu gunduwa-gunduwa a sa masa kan maganar da ba su faɗa ba don a tara 'yan kallo, su gaya wa almajiransu hukuncin wannan aiki daga kan mumbari. Mai karatu kuma, idan labari ya zo masa ba suna ba asali, ya tambayi wanda ya turo daga ina, in babu amsa ya bar shi a nan. In kuwa zai tura na kirki, ya tura mahaɗin da zai kai mutane shafin mai shi, don ladan talla ya isa inda aka yi wahala.

Fagge ta taɓa ganin mutuwar jarida. A nan kamfanin Triumph, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ya yi shekaru yana buga Albishir da boko da Alfijir da ajami kafin a rufe shi a 2012, kuma waɗanda suka saba saye da safe sun san irin giɓin da aka bari. Ita waccan jarida, hukuma ce ta rufe ta da umurni guda. Ƙananan da suka taso a intanet kuwa a hankali suke ƙarewa, wata-wata, sa'ad da mai jarida ya duba ya ga rahoton da ya biya kuɗin mota aka nemo ya sami masu karatu ɗari uku a shafinsa, ya sami dubu talatin a shafin wanda ya kwafa.

Ɗan ƙanena ya cike takardar koken nan da taimakon wani abokinsa, shafi ɗaya daga cikin ukun ya sauke hoton bayan kwana tara, sauran biyun ko amsa ba su ba shi ba. Bara jaridar tasu ta rage ma'aikata, yanzu yana taya wani sayar da caja da murfin waya a titin Beirut. Ran nan da aka ce wuta ta tashi a wani layi cikin kasuwa, na kira shi in ji ko ya je, ya ce, "Baffa, ina shago, ni ma a waya nake gani."